Daɓen Kicin Ɗin Yaya

Shafi na 12

To, masu cika min waya da "Baba ina ci gaba, Baba ko barci ka yi", ku sassauta. Ban mutu ba. Asibiti ce ta riƙe ni kwana biyu, ta gaji ta sake ni kamar yadda ta saba. Ban taɓa zama a benci gaban allo ba, amma na lura masu digirin cikinku su ne kan gaba wajen roƙo. Ku gyara zama.

Inda muka tsaya, Auta ta aika an ɗauko mata Baffa, ƙanen mahaifinta marigayi, tsohon magini, don ya duba kuɗin da wani ɗan kwangila ya yanka mata na sa tayil a kicin. Mijinta direban babbar mota ne, yana kan hanya. Ya turo kuɗi ya ce kada a ba kowa aikin sai Baffa ya ce farashi ya yi. In ya ce ya yi, a farfasa daɓe a fara. In ya ce bai yi ba, a sallami mutum a nemi wani.

Rana ta take tsaka, tsakar gida ba ta takuwa don zafi. Amma da Baffa ya sa ƙafa a kicin ɗin sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ba sanyin inuwa ba ne. Irin sanyin nan ne da ke kama tafin ƙafa ya bi ƙashi ya hau gwiwa.

Ya tsaya yana kallon ƙasa.

Daɓen siminti ne tsoho, ya yi santsi don shara. A tsakiyarsa, tsakanin murhu da wurin wanke-wanke, wata tsaga ta zagaye ta haɗe da kanta, kamar wadda aka kafa ƙusa aka ja da igiya. Cikin zagayen ya yi duhu da damshi. Wajensa a bushe ƙamas.

"Sau nawa aka liƙe wannan?"

"Baffa, na daina ƙirgawa," in ji Auta. "A liƙe yau, kafin wata ya mutu ta sake buɗewa. Kuma a nan ɗin dai. Ba ta kaucewa."

"Bututun ruwa ya bi ta ƙasa?"

"Mai famfo ya duba. Ya ce ta bayan bango ya bi."

"Uhm."

"Ko mage ba ta takawa. Sai ta kewaye."

Baffa ya tuntsire da dariya, dariyar ta fi ƙarfin abin dariyar.

"Au, yanzu ke da mage kuke shawarar gini? 'Yar nan, ni ne fa Ƙi-Mutu. Bene ya zubo a kaina, aka tono ni ina tambayar ina hulata. Tsagar siminti ce za ta ba ni tsoro?"

Ya faɗa, amma bai taka ba. Shi ma kewayawa ya yi ya zauna a kan kujerar da ta ajiye masa a jikin bango.

Aka yi sallama a ƙofa.

Ɗan kwangilar ba irin wanda Baffa ya zata ba ne. Ya yi tsammanin wani ɗan saurayi mai wando duk siminti. Wannan babban mutum ne, furfura ta fara tsattsafo masa a gemu, riga fara ƙal, agogo mai nauyi, makullin mota a hannu. Da ya iso bakin kicin sai ya sunkuya ya cire takalmansa, ya jera su a waje, sannan ya shigo a hankali.

Baffa ya kalli takalman. Ya kalli mutumin.

Shekarunsa a gini sun fi na wasunku a duniya, bai taɓa ganin ma'aikaci ya cire takalmi don zai shiga kicin ɗin da zai farfasa ba.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Kai ne mai rahusar?"

"Ni ne." Ya zaro takarda daga aljihu.

"Mayar da abarka. Takarda ba ta taɓa cutata ba, don ban taɓa yarda da ita ba. Faɗa min da bakinka ina kallon idonka. Tayil."

Ya faɗi irin tayil ɗin da kuɗin kwali. Baffa ya lumshe ido ɗaya yana auna faɗin ɗakin da ido.

"Ka sa na asara? Wanda zai karye a yanka, da na gindin bango?"

"Na sa."

"Daidai. Siminti."

Ya faɗa.

"Daidai. Yashi."

Ya faɗa.

"Nan ka ɗan tausaya, amma ba laifi. Farin simintin cike tsakani?"

"Yana ciki."

Auta ta saki ajiyar zuciya. "Ka ji ko, Baffa? Waɗancan biyun da suka zo kafin shi kusan ninkinsa suka ce. Kuma su ko farfasawa ba za su yi ba. Cewa suka yi za su liƙe tsagar su shimfiɗa tayil a kai."

"Shi kuma fa?"

"Shi ya ce sai an cire daɓen gaba ɗaya."

Baffa ya gyara sandarsa tsakanin gwiwoyinsa.

"To madalla. Mu je. Kuɗin farfasawa nawa?"

"Babu, Baba."

"Ban ji ba. Kunnen nan na hagu tun ranar benen bai dawo ba. Nawa?"

"Kyauta ne."

"Kwasar baraguzai?"

"Da motata zan kwashe."

"Ciko, in an tarar ƙasa ta zauna?"

"Ni zan kawo."

"Leburori nawa za ka zuba?"



"Ba lebura. Ni zan farfasa da hannuna."

"Miƙo hannun."

Ya miƙa. Baffa ya juya tafin ya shafa da babban yatsansa, wanda ya yi kaushi kamar bayan itace.

"Wannan hannun rabonsa da guduma tun Auta tana goye. Hannun sa hannu a banki ne. Yaro, aiki nawa kake da shi yanzu a gari?"

"Akwai kaɗan."

"Benaye?"

"Akwai."

"Mai benaye ya bar benaye, ya zo kicin ɗin da bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, zai yi aikin lebura kyauta, ya ƙona man motarsa kyauta." Baffa ya saki hannun. "Ni a rayuwata na ga ɗan kwangila ya saci siminti, na ga wanda ya saci rodi, na ga wanda ya sayar da yashin mutum ya dawo ya taya shi nema. Ban taɓa ganin wanda ya saci wahala ba. Sai yau."

"Baffa," in ji Auta a hankali, "ko taimako ne kawai..."

"Ya ce miki a rufe masa ƙofa in yana aikin?"

Ta ɗago da sauri. "Ya aka yi ka sani? Ya ce saboda ƙura."

Daga ɗakin da ke fuskantar kicin wata murya ta fito, siririya, tana rawa.

"Auta! Wane ne a kicin?"

Inna ce, mahaifiyar Auta, matar Yayan Baffa. Tun rasuwar mijinta ƙafafu suka ƙi ta, sai an ɗaga ta an zaunar. Kafin ma ƙafafun su ƙi, a tsakar gida take girkinta, rana ko ruwa. Takan ce kicin ɗin hayaƙi yake riƙewa.

Baffa ya ɗaga murya da wasan da suka saba tun tana amarya.

"Matar Yaya, mijinki na ajiya ne ya zo! Ko ruwa ba a ba ni ba!"

Da a kullum ne da ta ce masa tsohon banza, wa zai ajiye ragowar bene. Yau ba ta tanka wasan ba.

"Wane ne ɗayan?" ta ce. "Na ji muryar baƙo."

"Mai tayil ne, Inna," in ji Auta.



Baffa ya juyo. Ɗan kwangilar ba ɗakin Inna yake kallo ba. Zagayen nan yake kallo, yatsun ƙafarsa dab da tsagar, ba su haura ba.

"Zauna," in ji Baffa.

Ya durƙusa a kan dugaduginsa.

"Gaya min abin da ka ajiye a ƙarƙashin daɓen Yayana."

"Ban ajiye komai ba."

"To me aka ajiye maka?"

Da mutumin ya yi magana, muryar ba ta mai benaye ba ce.

"Mahaifina."

Cokalin da ke hannun Auta ya suɓuce ya faɗi cikin zagayen. Ƙararsa ba ta tsaya a saman daɓe ba. Sai da ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, kamar an buga ganga a wani ɗaki da ke ƙarƙashinsu. Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

"Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?" Auta ta ja baya har ta jingina da ƙofa. "Gidan ubana ne nan!"

"Na sani, Hajiya. Na san gidan nan tun ba ki zo duniya ba. Tun yana fili da katanga rabi."

"Bar shi ya yi magana," in ji Baffa.

"Mahaifina mai haƙar rijiya ne. Mai gidan nan ya ɗauke shi ya haƙa masa rijiya kafin a gama gini. Kullum da safe yakan fita da igiyarsa da 'yar gajeriyar digarsa, da yamma ya dawo jajawur da ƙasa. Ran nan bai dawo ba. Washegari ma haka. Sai ga mai gidan nan da kansa a ƙofarmu, ya ce wa mahaifiyata mijinta ya karɓi kuɗin aiki duka ya gudu. Ya jefo mata ƙunshi ya ce ga tarkacensa nan."

"Me ke cikin ƙunshin?"

"Rigarsa. Da takalmansa."

Baffa ya runtse ido.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ya san wannan. Mai haƙa ba ya sauka da takalmi. Da yatsun ƙafa yake kama 'yan ramukan da ya sassaƙa a jikin bango. Riga da takalmi a baki ake barinsu, a ɗora dutse a kai, in ya fito ya saka.

"Mahaifiyata ta ce masa, wanda ya gudu da kuɗi, ƙafa ba takalmi zai gudu? Jiki ba riga? Ya ce ita ta sani. Ya juya ya tafi." Ɗan kwangilar ya share fuska da tafin hannu. "Daga ranar muka zama 'ya'yan ɓarawo. A makaranta, a layi, a wajen neman aure. Ni da na fara leburanci, in shebur ya ɓata ni ake fara cajewa."

"Ba ku kai ƙara ba?"

"Matar mai haƙar rijiya, ta kai ƙarar mai gida? Da wace shaida? Da takalmi?"

"Ƙarya ne," in ji Auta. Hawaye ya riga ya wanke mata fuska. "Babu rijiya a gidan nan. Ba a taɓa yi ba. Baffa, gaya masa!"

Baffa bai gaya masa ba.

Don ya tuna.

Shekarar da benen ya zubo masa ce. Ana saura kwanaki abin ya faru ya biyo ta nan ya ga yadda aikin Yaya ke tafiya. Ya ga tulin jar ƙasa. Ya leƙa ramin, ya hango ƙeyar mutum can ƙasa tana sheƙi da gumi. Har ya yi masa tsiya, ya ce kai maƙwabcin aljanu, in ka iske su ka gaishe su. Mutumin ya ɗago ya yi dariya, haƙoransa kaɗai ake gani a duhun, ya ce magini ai ku kuna hawa ku faɗo, mu muna ƙasa ba inda za mu faɗa.

Daga nan Baffa ya yi watanni a gadon asibiti, baya a karye. Da ya tashi ya dawo yana dogara sanda, babu tulin ƙasa, babu rami. Kicin ne a wurin, har an yi rufi.

Ya ce, Yaya ina rijiyar?

Yaya ya ce dutse aka tarar, aka rufe.

Ya ce, wa ya yi maka daɓen, ba ka jira ni ba?

Yaya ya ce shi ya yi da kansa.

Yaya, wanda bai san bambancin cokalin gini da na shayi ba. Yaya, wanda ke zazzage buhun siminti har sau uku kada ƙura ta tafi a banza. Amma a bayan kicin Baffa ya ga guntayen rodi masu kauri, sababbin yanka. A lokacin ya tambayi kansa, wa ke sa rodi a daɓen kicin? Bayansa na ciwo, bai bi ta kai ba.

Sanyin ɗakin ya kai masa ƙugu yanzu. Kuma akwai wari. Ba warin ruɓa ba. Warin ƙasar da aka tono yanzu-yanzu, ɗanya, mai laima.

"Baffa!" Auta ta girgiza kafaɗarsa. "Ka yi magana mana!"

"An yi rami a nan," ya ce. "Na gan shi da idona."

Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ta yaya ka samu aikin nan?" Baffa ya tambayi mutumin.

"Shekaru ina bibiyar gidan. Duk mai sayar da tayil a kasuwa na ce masa in an zo daga layin nan a gaya min. Da na ji an zo tambayar farashi, na bincika abin da waɗancan suka yanka, na raba biyu."

"Da ka farfasa ka samu abin da kake nema fa?"

"In kwashe shi a buhu in fita da shi cikin baraguzai. In cike ramin, in shimfiɗa mata tayil ɗin da ba a taɓa yi wa kowa irinsa ba. Ba wanda zai ji. Wallahi Baba ba hukuma na zo da ita ba, ba tonon asiri na zo yi ba. Wanda ya yi ya riga ya tafi inda za a tambaye shi." Muryarsa ta karye. "Mahaifiyata tana da rai. Idonta ya tafi, amma har yau in aka taɓa ƙofa sai ta gyara ɗankwali. Takalman suna ƙarƙashin gadonta, tana shafa musu mai. So nake in ce mata ga shi, bai gudu ba. Ta san inda yake kwance kafin ita ma ta kwanta."

"Auta!" Muryar Inna ta sake fitowa, wannan karon da ƙarfi. "Ki ce su fita daga kicin ɗin nan!"

Auta ta rarrafo ta kama gwiwar Baffa. Ta yi ƙasa da murya, amma a ɗaki irin wannan ba abin da ke ɓuya.

"Baffa, kalma ɗaya ce. Ka ce farashin bai yi ba. Ka ce da ha'inci a ciki, ai akwai, ya ɓoye mana. In kira wancan na farko gobe ya liƙe ya shimfiɗa a kai. Shi ke nan. Ba wanda ya ga komai."

"'Yar nan..."

"Babana ne. Mutane har yau in sun gan ni sai su ce Allah ya jiƙan mutumin kirki. 'Ya'yana sunansa suke tinƙaho da shi. In aka buɗe nan, ko a buhu aka fita da shi, ni na sani. Ta yaya zan ƙara kai ziyara kabarinsa? Kuma kai, wa ya riƙe ka da iyayenku suka rasu? Wa ya sayar da kekensa ya biya asibitinka?"

Nan ta taɓa inda ke ciwo.

Yaya ne ya goya shi. Yaya ne ya kai shi wajen maginin da ya koya masa aiki. Yaya ne ya zauna a bakin gadonsa yana juya shi kamar jariri lokacin da likitoci suka ce ba zai ƙara takawa ba. Yanzu ne ma Baffa ya tuna yadda Yaya ya rame a watannin nan, yadda yake zabura in an ajiye kwano da ƙarfi. Kowa ya ce tausayin ƙanensa ne.

Ɗan kwangilar ya miƙe tsaye. Bai roƙa ba.

"Baba, hukunci naka ne. In ka ce bai yi ba, zan sa takalmina in tafi. Ba zan dawo da kowa ba. Na dai gwada."

Kicin ya yi tsit. Ko kukan kaji na maƙwabta ba a ji. Baffa yana kallon damshin nan, sai ya ga kamar yana faɗaɗa yana komawa, yana faɗaɗa yana komawa, kamar ƙirjin mai barci.

Ku da ba ku san tsofaffin magina ba, bari in gaya muku. Irinmu muna da zagi, muna da cika baki, wani lokacin har da ɗan ƙarin gishiri a labari. Amma in aka kira mu duba farashi, ko na maƙiyi ne, abin da yake shi muke faɗa. Shi ya sa ake kiranmu. Ranar da ka karkata sau ɗaya, ka zama tsoho kawai.

Baffa ya dafa sanda ya tashi.

"Farashin nan bai yi ba."

Auta ta sauke numfashi. Ɗan kwangilar ya sunkuyar da kai ya juya wajen ƙofa.

"Ina za ka? Na sallame ka?"

Ya tsaya.

"Na ce bai yi ba, don an cuci mai aiki. Kayan duk daidai suke, ba ƙari ba ragi. Amma farfasawa aiki ne, kwasa aiki ne, ciko aiki ne. Auta, za ki biya shi kuɗinsu cif, yadda ake biyan kowa. In abin da mijinki ya turo bai kai ba, ni zan cika. Ba za a ce gidan Yaya ya ci gumin uba, ya dawo ya ci na ɗa ba."

"Baffa!"

"Kuma ba a buhu zai fita ba. Ba baraguzai ba ne. Mutum ne, na taɓa yi masa wasa ya rama."

"Baffa ka kashe ni..."

"Ban kashe ki ba. Shekara nawa kina tsaye a kansa kina girki? Kin taɓa jin ɗumi a ɗakin nan?" Ya juya ga mutumin. "Kana da guduma a mota?"

"Akwai."

"Babba?"

"Babba."

"Ɗauko."

Ya fita da gudu, ko takalman bai tsaya sakawa ba. Ya dawo da gudumar yana haki, ya gyara tsayuwa zai ɗaga. Baffa ya riƙe ƙotar.

"Sake. Daɓen Yayana ne. In za a fasa shi, ɗan gidan ne zai fara."

"Baba, bayanka..."

"Bayan nan ya ɗauki bene. Matsa."

Ya jingine sandarsa. Ya tuɓe takalmansa ya tura su waje kusa da na ɗan kwangilar. Ya taka cikin zagayen, sanyin ya soke shi har tsakar ka, ya ja baya taku ɗaya ya tsaya a bakin tsagar. Ya yi bisimilla.

Bugun farko, ɗakin gaba ɗaya ya amsa. Tukwane suka yi ƙara a kan kanta.

"Ku bari!" Inna ta ƙwalla daga ɗaki. "Ku bari na ce!"

Bugu na biyu, siminti ya tsage kamar gizo ya yi saƙa, ƙarfen rodi ya leƙo, ya yi tsatsa jawur.

Ya sake ɗagawa, ya sauke da duk abin da ya rage masa.

Kan gudumar ya shige.

Wani ɓangaren daɓen ya ɓalle ya tafi ƙasa. Suka tsaya suna jiran su ji ya sauka. Suka jira. Sai can, can, suka ji ɗan ƙaramin *tsulum*.

Iska ta huro daga ramin, mai sanyi, ta ɗaga gefen mayafin Auta. Ɗan kwangilar ya zube a kan gwiwoyinsa, ya kifa fuska a bakin ramin, ya ce da wata murya ta ƙaramin yaro, "Baba?"

A lokacin hasken ƙofa ya dushe.

Baffa ya waiwaya.

Inna ce a tsaye. A tsaye da ƙafafunta, ba sanda, ba mai riƙe ta, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, kanta ba ɗankwali, farin gashinta a tsaitsaye. Ba ta kalli Auta ba. Ba ta kalli Baffa ba. Ramin take kallo kamar wadda ta ga wanda ta daɗe tana jira.

"Kai ne ɗan mai rijiya," ta ce.

"Ni ne, Inna."

"Bai gudu ba."

Mutumin ya fashe da kuka.

"Matar Yaya," in ji Baffa, "zo ki zauna. Za mu fito da shi, mu yi masa sutura yadda ya kamata. Yanzu zan aika a sayo likkafani."

Inna ta girgiza kai a hankali.

"Biyu za ka ce a sayo."

Gudumar ta zame daga hannun Baffa.

"Biyu?"

"Biyu," ta ce. "Ɗaya babba. Ɗaya ƙarami, na yaro."